Alif da Kanwa a Ruwan Hajiya

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Yau na yi aikin da ba wanda yas sa ni, kuma da alama ya yi kyau, don kifayen duk sun taso sama suna buɗe baki awa masu yi mani godiya.

Bari in faro daga farko, ko da yake ba mai karanta wanga littafi sai ni. Mai kifi, ɗiyata ta fari, tana asibiti Sakkwato tun ran Alhamis, ita da uwarta Atu da yayana Na'iya. Da za a sa ta mota tak kira ni, murya can ƙasa, nid duƙa ina zaton ruwa ta ka so. Ashe sallahun kifi ne. Kada in cika masu abinci, kada in canza ruwa gaba ɗaya, kwata kawai, shi ma wanda ya kwana cikin bokiti. Sannan tac ce, "Baba, Hajiya dai." Nic ce ta tafi abinta, yadda tab bar su haka za ta iske su. Da bakina nif faɗa, gaban mutane.

Akwatin gilas ne kawunta yak kawo mata daga Kaduna shekarun baya, shina bisa tebur cikin ɗakinta. Kowane kifi da sunan da tas sa mashi. Hajiya ita ce babbar, fara, mai faɗi awa faifai, tana tafiya a hankali awa wadda tad dawo daga Makka jiya. Kwandasta ƙarami ne mai zane, ba shi tsayawa wuri ɗaya. Akwai baƙaƙe biyu, Hasana da Usaina. Sai Lebura mai gashin baki, shi kullum shina ƙasa shina lasar gilas, ba wanda ka gaishe shi. Da shi nif fi shiri.

To, yau nig ga gilas ya ɗan yi kore-kore. Nic ce yarinya za ta dawo ta iske ƙazanta? Nik kwashe su cikin roba, niz zubar da ruwan tas, nid dirje duwatsun da soso, nic cika da ruwan rijiya. Ashe ruwan sama na jiya ya dama rijiyar, akwati yaz zama awa kofin kunu. Shi ne nit tuna da alif ɗin da a ka jefawa randa laka ta kwanta. Nij jefa gutsure mai kyau, ban yi rowa ba. Kafin azahar ruwa ya yi garau, sai ka rantse babu ruwa ciki.

Inna, mahaifiyata, da taz zo daga Kebbe ta riƙe mana gida, ta leƙo tac ce ba ta taɓa ganin kifi na hamma ba sai yau.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Usaina ta mutu. Ko Hasana. Ban san yadda a ka bambanta su ba, na zaɓi Usaina don ita ce ƙarama.

Talata, bayan magariba

Malama Khadijat, mai koya masu kimiyya, ta zo tambayar jikin ɗalibarta. Nic ce da sauƙi, nij ja ta wajen akwati don kada ta ƙara tambaya. Da tag ga kifayen tas saki jakarta ƙasa. Nib ba ta labarin alif tiryan-tiryan, har da ɗan alfahari. Ba ta zage ni ba, wanga shi yaf fi ciwo.

Ta koma gida tad dawo da wata 'yar kwalba da kati mai launuka, don ita ma tana da irin akwatin ga, wajenta ma Mai kifi tak koyi abin. A ɗebi ruwa cikin siririn gilas, a ɗiga magani, a girgiza. In ya yi rawaya, ruwa ya yi tsami. In ya yi shuɗi, ya yi kanwa-kanwa. Kore a ka so, tsakiya, wajen bakwai. Sunan abin pH. Nic ce ni karatuna aji biyu na sakandare yat tsaya, ranar da anka zo kan pH ina bayan aji ina sayar da rake.

Namu ya fito rawaya awa ƙwanduwar ƙwai. Tac ce alif tsami shi ka sa wa ruwa, kuma dirjewar da niy yi ta kashe wasu ƙananan halittu masu cinye dattin kifi. Wato ƙazantar da niw wanke ita ce tsabtar. Maganin shi ne kullum in cire kaɗan in zuba kaɗan, na bokitin da lakarshi ta kwanta da kanta. Tac ce ba rawayan kaɗai ka kashe kifi ba, saurin canzawa ne. Ta maimaita har sau biyu, tana kallona awa ta san ni.

Laraba, 6 ga Agusta, da azahar

Rawaya. Atu ta kira, sun sake ɗibar jini.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Ta san ni kuwa.

Da safe nig gwada, rawaya har yanzu. Ina tsaye da kati a hannu Inna tat tambaya mi a matsala, nic ce tsami. Tac ce tsami kawai? Tun tana budurwa, in yakuwa ta yi tsami a miya, kanwa ta ka sakawa. Nic ce Malama ta ce a bi a hankali. Tac ce Malama shekara nawa gare ta?

Ba zan ɗora wa Inna ba, ita baki tas sa, ni nis sa hannu. Ɗan mitsitsi nij jiƙa, wallahi bai kai ƙwayar dawa uku ba. Nid ɗiga magani, yay yi shuɗi awa an tsoma shi marina. Kwandasta yay yi zagaye uku da gudu yak kife. Farkon tsayawarshi ke nan tun da nis san shi.

Daga rawaya zuwa shuɗi, kore na tsakiya mun wuce shi ba mu tsaya ba, awa motar Jega in ta cika.

Na sa shi gindin zogale kusa da Usaina. Hajiya ta maƙale lungu ta haɗe fikafikanta. Ba ta kallona.

Juma'a, 8 ga Agusta

Bayan masallaci mutane na ta tambaya ya mai jiki. Na ce da sauƙi, na ce Na'iya na can, shi ya san komi. Haka ya kamata uba shi ce kan ɗan fari, na faɗa daidai, har da 'yar dariya. Malam Siddiƙ, liman na unguwarmu wanda munka yi makarantar allo tare, bai tambaya ba. Hannuna kawai yar riƙe har bakin hanya.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

Shuɗi mai haske. Kofi fuɗu nic cire, fuɗu niz zuba. Na kulle kanwar Inna cikin akwatin kayan facina.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan isha

Na je Sakkwato. Inna ba ta so ba, tac ce baffanta na can, uwarta na can, ni mi za ni yi in ba zubar da kunya ba. Nic ce abincin kifi za ni sayo. Ta san akwai rabin gwangwani, amma ta bar ni nit tafi.

Hanya ba laifi. Dogon Daji gero ya yi kai. Wani ɗan kamasho ya ɗora mani akuya bisa ƙafa har Bodinga.

Fankar ɗakin nasu na da fiffike uku, ɗaya ya lanƙwashe, tana juyawa tana ƙyas-ƙyas. Da zan samu filaya da na gyara masu. Tagar ma ƙugiyarta ta karye. Na duba wagga fanka sosai.

Mai kifi ta tambayi Hajiya. Nic ce Hajiya na nan tana mulki. Ta tambayi Kwandasta. Nic ce ya rage yawo. Ta yi murmushi tar rufe ido. Hannunta an manne shi da filasta wuri biyu, shi ya sa ban kama ba.

Atu ta raka ni bakin ƙofa, ta fara wata magana, nic ce mota za ta tashi.

Abincin kifin ma na manta ban sayo ba.

Litinin, 11 ga Agusta

Kore. Yau kore ne. Na kai wa Inna gilas ɗin har madafa, tac ce to sai a yi guɗa?

Talata, 12 ga Agusta, da azahar

Kore. Na fita tasha na yi facin taya biyu. Shekara ashirin da wani abu ina tsoma tub cikin ruwa ina neman inda kumfa ka fita, yau na manna faci gefen huda. Mai babur ya dawo shina turawa. Na ba shi haƙuri, yac ce ba komi Ɗan'iya, mun ji. Ban tambaye shi mi sunka ji ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Kwana biyu ana ruwa, gari ya yi sanyi. Hajiya ta fito da ɗigo-ɗigo fari a fikafikai awa an barbaɗa mata gishiri, tana ta goga jiki ga dutse. Hasana ma akwai biyu a wutsiya.

Malama ta zo da lema. Tac ce ƙwayar cuta ce, dama tana nan cikin ruwa tana jira, sai kifi ya galabaita ta kama shi. Ba ta ce wa yag galabaitar da su ba, ni nic ce mata ga shi tsaye gabanki. Tac ce muddin ƙwayar na maƙale jikin kifi magani ba shi taɓa ta, sai ta faɗo ta hayayyafa. Don haka a ɗumama ruwa ta yi saurin faɗowa, a sa gishiri kaɗan, na kasuwa mai tsakuwa ba na leda ba, a narka shi tukuna. Ta ba ni wani shuɗin magani a kwalba. Lebura ba shi jure gishiri, shi koma bokiti.

Nic ce to Malama, yaushe za ta warke? Tac ce ba ta sani ba, wasu na tashi wasu ba su tashi, abin da a ka iya shi ne a yi daidai kullum a jira. Sai tag gyara mayafi, tac ce kifin ta ka nufi. Nic ce ai na sani.

Juma'a, 15 ga Agusta, da hantsi

Ba mu da abin ɗumama ruwa. Na naɗe akwatin da bargona, na bar fuska ɗaya. Na cika gorar roba da ruwan ɗumi na sa tana yawo ciki, in ta huce in canza. Ni kuma na kwana da zanen Atu. Inna tac ce kifi da bargo, magidanci da zane, duniya ta zo inda za ta.

Asabar, 16 ga Agusta

Wuta ta tafi tun jiya, ɗan injin kumfa da ka sa wa ruwan akwatin iska ya tsaya, ga Malama ta ce ruwan ɗumi ba shi riƙe iska. Na ɗauko tub ɗin tirela na cika shi tam a tasha, na garo shi gida yara na bina. Na sa siririn tiyo daga bakinshi zuwa cikin ruwa, na matse da waya yadda iska za ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Kumfa na tashi. Karo na farko a rayuwata da nig ga tub na sace iska niy yi murna.

Kore. Ɗigon ya ƙaru.

Lahadi, 17 ga Agusta

Kore. Atu ba ta kira ba.

Litinin, 18 ga Agusta

Kore. Atu ta kira, ban gane maganarta ba, Na'iya yak karɓi wayar. An canza masu ɗaki. Nit tambaya ko sabon na da fanka mai kyau. Yac ce Ɗan'iya, ka ji abin da nic ce kuwa? Nic ce na ji.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan magariba

Mun je Kebbe da Inna. Dangi sun tara malamai an yi sauka saboda Mai kifi a zauren marigayi Baba. Mutane da yawa, har daga Fakku. Ana ta ambaton sunanta cikin addu'a, baki goma sha, ni ina bakin ƙofa wajen takalma inda ya dace da ni. Na ce amin awa kowa, ban fi kowa ƙarfi ba.

Wani ƙanen Baba yac ce an ce na koma kiwon kifin kallo, wanda ba a ci. Nic ce ai shi ya sa nika son su, ba su da magabci sai ni. An yi dariya sosai. Na iya wagga.

Ana gamawa nih hau babur, tuwo ma ban tsaya ba. Gorar ruwan ɗumi ta daɗe da hucewa. Hasana ɗigonta ya zube. Hajiya ba ta ci abinci ba.

Alhamis, 21 ga Agusta

Kore. Ba ta ci ba.

Juma'a, 22 ga Agusta

Kore. Gishiri daidai, magani daidai, ɗumi daidai. Na sake gwadawa ko na yi kuskure. Ban yi ba. Da ma na yi, da na san abin da zan gyara.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Na'iya ya kira da azahar. Yac ce an shiga da ita, sai addu'a, in bar wayata kunne.

Hajiya ta kwanta gefe ɗaya bisa duwatsu, sai kunnuwanta ka motsi a hankali. Na sallame la'asar nan ɗakin, bisa tabarmar yarinyar. Na ɗaga hannu. Shekara goma sha biyar ban taɓa kiran sunanta ba, ko ranar suna da anka raɗa shi fita niy yi, haka anka yi mani haka anka yi wa Na'iya. Yau na buɗe baki in faɗe shi gaban Ubangijina, ya tsaya nan maƙogwaro awa ƙayar kifi. Ba wanda yah hana ni. Harshen ne bai san hanya ba.

Abin da yaf fito shi ne, ya Allah in ka tashi Hajiya, na yi maka alkawarin azumin wata guda.

Inna na bakin ƙofa, ban san tana nan ba. Na jira ta ce wani abu kan kifi da azumi. Tac ce amin, tas saki labule.

Lahadi, 24 ga Agusta, da asuba

Hajiya ta mutu.

Lahadi, da azahar

Wayar na da caji. Na duba.

Lahadi, bayan magariba

Kore.

Litinin, 25 ga Agusta, da hantsi

Atu ce. Tana kuka tana dariya, sai da nic ce ta zaɓi ɗaya. Wai Mai kifi ta buɗe ido tun jiya da dare, Na'iya yac ce a bari likita shi zo tukuna kafin a faɗa. Wai ta ce kunun asibiti ba gishiri ba suga, ita na Inna ta ka so.

Na faɗa wa Inna. Ta zauna ƙasa nan inda take, tsakar gida, cikin laka. Ni kuma na tafi canza ruwan Lebura, na daɗe can, bokitin na buƙatar wanki sosai.

Laraba, 27 ga Agusta

Malama tac ce akwai mai sayar da irin Hajiya a Sakkwato, Na'iya na iya tahowa da wata cikin leda. Na yi tunanin abin har dare. Yarinyar da ka bambanta Hasana da Usaina daga bakin ƙofa. A'a.

Asabar, 30 ga Agusta

Kore. Ɗigo ya ƙare sarai. Na fara rage gishiri kaɗan-kaɗan yadda anka ce, na mayar da Lebura gida. Na karɓe bargona, shina warin kifi.

Talata, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Sun dawo. Gida ya cika da mata, ni ina zaure ina amsa barka awa maƙwabci. Rigarta ta makaranta mutum biyu za su shiga yanzu.

Sai da anka watse niz shiga. Tana zaune gefen gado, Atu ta tokare ta da filo, tana kallon akwati. Kifi biyu cikin gidan biyar. Na shirya jawabi tun Laraba, da alif da kanwa da komi, har da wurin da za a yi dariya. Na fara, tac ce Malama ta faɗa wa Mama, Mama ta faɗa mata a mota.

Tam miƙo hannu nib ba ta siririn gilas. Ta ɗebi ruwa da kanta, ta ɗiga magani, ta ɗaga wajen taga. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, wa yak koya maka?"

Nic ce Kwandasta.

Ba ta yi dariya ba. Ta tambayi inda nis sa Hajiya, nic ce gindin zogale, na naɗe ta da farin ƙyalle. Tac ce in ta iya tafiya zan kai ta. Sannan ta juya fuska bango, nif fito.

Alhamis, 4 ga Satumba

Ta ci tuwo rabin malmala. Ta ce wadda tar rage Usaina ce, Hasana ce tam mutu. Ita ta gwada ruwa yau, ban tambayi launi ba.

Juma'a, 5 ga Satumba, bayan masallaci

Na tare Malam Siddiƙ na ce ina da fatawa, amma ta wani abokina ce. Wai ya yi bakance in kifi ya tashi zai yi azumin wata, kifin kuma bai tashi ba. Malam yac ce abokin nan naka shina da tabon kunama a yatsa tun muna allo? Nic ce Malam a tsaya kan mas'ala.

Yac ce in a kan lafazi ne, sharaɗi bai cika ba, abokina shi je shi ci ƙosanshi. Har na fara godiya. Sai yac ce amma shi ba shi wurin, wanda anka yi wa alkawarin kuwa shina wurin, kuma ba kunne shi ka saurare da shi ba.

"Wa abokin naka yan nufa, Ɗan'iya?"

Na duba takalmina. Yac ce to, yas sa kai.

Ni da ko na Ramadan sai Atu ta ɓoye mani tulu. Wata guda cur, ni kaɗai cikin gari, tasha gefen mai ƙosai, iska kuma daga wajenta ta ka busowa. Na roƙi Inna ta ƙara kwana nan ta riƙa tashe ni sahur. Tac ce ita ba ta yi wa kowa alkawari ba, amma ta aika a niƙo gero.

Ran Litinin za ni fara. Ko ɗaya ban biya ba tukuna.